Ƙulle-ƙullen irin da Kaka ta bari a tukunya

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane na ABU, ina aji huɗu, kuma firojek ɗina na ƙarshe a kan rayuwar matan karkara nake so in yi shi. Kakata ta wajen uwa ta rasu wata huɗu da suka wuce a wani ƙauye ta wajen Giwa. Da aka zo kwashe kayan ɗakinta sai aka samu wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado cike da ƙulle-ƙulle a tsummokara, irin kuɓewa, yakuwa, riɗi, gurjiya, da wani farin wake ƙanana, sannan a madafi akwai zangarniyar dawa guda shida a rataye duk hayaƙi ya dafe su. Kawuna ya ce tarkace ne, yanzu kowa irin kamfani yake saye. Ni dai na kwaso su na taho da su makaranta. Tunanina in manna su a allo in fitar da fuskarta da su. Dan Allah Anti irin nan yana da wani amfani a noman yanzu, ko kewa ce kawai take damuna? Kuma ya zan yi aikin ban ci amanar matan da zan nuna ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Kaka da rahama, ya sa can ta fi mata nan, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Saƙonki sau uku na karanta shi, kuma duk sanda na zo wajen maganar mannawa sai gabana ya faɗi, don haka da ita zan fara. Dan Allah kar ki sa gam a ko ƙwaya ɗaya tukuna. Ki bar su a yadda suke, a inuwa, inda danshi da ɓera ba za su kai ba, har mu gama magana.

In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, ko tsohon iri yana da sauran daraja a gona, da kuma yadda za ki nuna rayuwar mata irin su Kaka ba tare da kin maida su abin kallo ba. Ni malamar gona ce, sama da shekara ashirin ina shiga gidajen mata a ƙauyukan Giwa da Soba da Kudan da Makarfi, to na farkon fagena ne. Na biyun kuwa malamanki sun fi ni sanin fenti da allo nesa ba kusa ba, abin da zan iya ba ki shi ne abin da na gani a tsakar gida.

Me ya sa tukunyar take ɗakin mace

Mutane da yawa in suka ji an ce noma a ƙasar Zazzau namiji kawai suke hangowa da garma a kafaɗa, tunda matan aure da yawa suna kulle kuma gandu na maigida ne. Amma ki bi hatsin daga ranar da ya shigo gida ki gani. Sussuka, sheƙa, surfe, bakace, tankaɗe, tuƙi, duk a hannun wa suke? Mace ce ta san dawar da in an surfa rabinta ke tafiya a dusa, ita ta san wadda tuwonta ke kwana da ƙarfinsa a yi ɗumame da safe da wadda kafin asuba ya saki ruwa. Ita ta san waken da ƙosansa ke tashi ba ya shan mai, da kuɓewar da ko an busar an daka yauƙinta na nan. Wannan ma gwaji ne, gwajin da babu wani ɗakin bincike da ya kai tukunyar tuwo iya yin sa, kuma kullum ake yi.

Sannan kayan miya kusan gaba ɗaya harkar mata ce. Kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyahu, karkashi, kabewa, duma, waɗanda ake yafawa a bayan ɗaki ko gefen kunya ko 'yar gayaunar tsohuwa. Kamfanonin iri hankalinsu na kan masara da shinkafa da waken suya da kayan lambun kasuwa, inda kuɗi yake. Ba wanda zai ƙulla miki irin karkashin ƙauyenku a leda ya buga masa tambari. In tsofaffi mata ba su ajiye ba, to ya tafi kenan.

Akwai wani abu da na gani a wani ƙauye ta wajen Soba da ba na mantawa. Mun kai sabuwar dawa gajera an shuka a gonar gwaji, ta yi kyau sosai, ranar da aka tara maza kowa ita yake nunawa. Da muka ba mata tiya biyu su tuƙa, washegari wata dattijuwa ta fito da malmala biyu a faifai, ɗaya na sabuwar ɗaya na farafararsu, ta sa ɗan yatsa ta danna kowanne a gabana ba ta ce komai ba. Na farafarar ya dawo ya cike, ɗayan ramin yatsan ya zauna har ruwa na taruwa a ciki. Sai a sannan ta ce min, 'yar nan, kuma karan nata da me za mu yi danga? Daga ranar na daina rubuta rahoton iri in mata ba su dafa shi ba.

Gaskiyar Kawu

Kar ki riƙe Kawu a zuciya, maganarsa tana da tushe. A da masara a wajenmu abin bayan gida ce, a gasa a ci, dawa da gero su ne abinci. Daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ga taki mai sauƙi ga ingantaccen irin masara, sai masara ta mamaye gonakin yankin nan har ta zama ita ce kuɗi ita ce tuwo. Mutumin da ya ga buhunan da masara ke cikawa a gonar da dawa ke ba shi 'yan dammuna, ba za ki ce masa bai san abin da yake yi ba.

Kuma mu mutanen Zariya bai kamata mu raina aikin bincike ba, a ƙofar gidanmu ake yin sa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, IAR, tun 1922 take, ta shiga ƙarƙashin ABU a 1962, kuma duk irin da kika ji sunansa ya fara da SAM daga can ya fito, SAMSORG dawa, SAMMAZ masara, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. A 1975 cutar nan da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta hana ta girma, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta yi wa gyaɗar Arewa mummunar ɓarna, tsohon irin da mutane ke ji da shi bai tsira ba. Yau akwai irin gyaɗa kamar SAMNUT 24 mai jure cutar kuma mai nuna da wuri. Akwai waken da ke nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, akwai mai jure wuta-wuta, a 2019 ma an fitar da SAMPEA 20-T wanda aka sauya wa halitta don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, shi wannan har yanzu ana ta muhawara a kansa, maganar wata rana ce. Abin da nake so ki riƙe shi ne a shekarar da ruwa ya makara ko ya ɗauke da wuri, iri mai saurin nuna ceton rai ne, kuma ni da hannuna na raba shi ga mata ban yi nadama ba.

Inda Kawu ya kuskure shi ne kalmar tarkace. Su kansu masu binciken daga ina suke samo abin da suke haɗawa? Daga irin manoma. SAMSORG 17, wadda aka fi sani da SK5912, gajeriyar kaura ce, daga kaurar manoma aka tsamo ta. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake sama da dubu 15 a ɗakunan sanyi, mafi yawa daga hannun ƙananan manoma aka karɓo su, ga NACGRAB ita ma a Ibadan da ke ajiye wa ƙasa iri, har a ƙasar Norway a 2008 an buɗe wani rumbu da aka haƙa cikin dutse a yankin ƙanƙara don ajiye irin duniya. Abin da ake kashe wannan uban kuɗi a adana, shi Kaka ta adana da toka da tsumma a ƙarƙashin gado.

Abin da tsohon iri ya iya

Ɗauki dawar nan mai hayaƙi. Dogayen dawoyinmu na gargajiya irin su farafara suna da wata hikima da Allah ya sa musu, ba kwanakin shuka suke ƙirgawa ba, tsawon yini suke bi. Ko a farkon Yuni aka shuka ko an makara, ba za su fitar da kai ba sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damina, sai ƙwayar ta nuna bayan ruwa ya ɗauke, cikin bushewar iska, ba ta yin fumfuna ba ta baƙi. Kuma kowane yanki da nasa, dawar Zariya ta saba da daminar Zariya mai kaiwa Oktoba, in kika kai ta Daura ruwa zai ɗauke mata ba ta gama ba. Shekaru aru-aru na zaɓen zangarniya ne ya daidaita ta da wurin, ba a kasuwa ake sayen wannan ba. Ga kara na danga da jinka da girki da dabbobi. Farin waken nan ma ina kyautata zaton mai yaɗo ne irin na tsofaffi, wanda ke rarrafe ƙarƙashin dawa ya rufe ƙasa, ya ba da wake ya ba da harawa, kuma matar da ke da awaki biyu a turke ta san kuɗin harawa a watan Maris.

Sannan tsohon iri yana haƙuri da talauci. Masara mai aure, irin ta kamfani da aka haɗa daga iri biyu, in ba ki ba ta taki yadda take so a kan lokaci ba, za ta yi rawaya ta tsaya tana kallonki, kuma in kika ajiye 'ya'yanta kika sake shukawa baɗi sai su fito a rarrabe, wani dogo wani gajere, amfanin ya ragu, dole duk shekara a koma a saya. Dawar Kaka da ɗan takin dabbobi da sharar gida za ta ba da wani abu ko yaya, kuma irinta na hannunki. Da tsadar da taki ya yi a shekarun nan na ga magidanta da dama sun koma neman irin dawar da suka yasar, wasu a wajen tsofaffin matan da suke yi wa dariya suka samo.

Amma fa ba na so ki ɗauka duk abin da ya tsufa zinare ne. Wani tsohon irin amfaninsa kaɗan ne, wani yana daɗewa har ruwa ya yanke masa, wani cuta ta riga ta kama shi tana bin ƙwayar shekara da shekaru. Ni ban ga naki ba, daga nan ba zan iya ce miki ga mai kyau ga marar kyau ba. Ƙasa ce za ta faɗa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Iri abu ne mai rai, ajiya kaɗai kashe shi take

A nan ne nake so ki tsaya sosai. Farkon fara aikina na taɓa zagayawa na karɓi iri a hannun mata, wajen kala talatin, na zuba a robobi na rubuta sunaye na jera a kabad ɗin ofis ƙarƙashin rufin kwano, ina ganin na yi abin kirki. Aiki ya sha kaina damina biyu suka wuce. Ranar da na zo gwadawa mafi yawa ba su tsiro ba, zafi da danshi sun gama da su. A ciki akwai wata farar kuɓewa mai tsawo da wata baiwar Allah ta ba ni tana cewa daga gidan ubanta ta zo da ita ranar da aka kawo ta. Na koma in sake karɓa na tarar ta rasu, 'ya'yanta ba wanda ya ajiye. Har yau in na tuna sai na ji abin a ƙirjina. Kaka ba ajiye iri kawai take yi ba, duk damina tana fitar da shi ta shuka ta zaɓa ta mayar da sabo, tukunyar masauki ce tsakanin kaka da shuka.

To ga abin da za ki yi. Daga kowane ƙulli ki ƙirga ƙwaya goma, in yana da yawa ashirin. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ki matse, ki jera su ki naɗe, ki sa a kwano a inuwa, kullum ki ɗan yayyafa ruwa kar ya bushe kar kuma ya yi tsamo-tsamo. Wake da dawa cikin mako guda za ki ga abin da za ki gani, kuɓewa da yakuwa da gurjiya ki ba su har mako biyu, kuɓewar ma ki jiƙa ta kwana ɗaya kafin nan saboda taurin ɓawonta. In bakwai ko takwas cikin goma suka tsiro, Alhamdulillahi. In uku ne ko biyu, irin yana bakin gargara, damina mai zuwa dole ya shiga ƙasa, kuma waɗanda suka tsiro a tsumman ma kar ki zubar, ki dasa su a tsohon bokiti ko buhun siminti.

Wajen ajiya maƙiyan iri uku ne, danshi da zafi da ƙwaro. Ki shanya su a tabarma da hantsi ko a inuwa mai iska, banda kan kwano ko siminti da tsakar rana. In kina son sanin ko sun bushe, ki sa busasshen gishiri cokali ɗaya a busasshiyar kwalba, ki zuba ɗan hatsin ki rufe ki girgiza ki bari ya ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran danshi. Waken ki cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, awo ɗaya na wake awo ɗaya na toka, yadda tsofaffi ke yi, tokar na cike ramukan da ƙwaro zai bi. Ko ki cika kwalba fal ki toshe ta ruf, iska ta ƙare ƙwaron ya mutu, dabarar buhun PICS kenan mai leda biyu a ciki da buhu a waje wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Gurjiya in tana cikin kwansonta ki bar ta a ciki sai ranar shuka. Dawar ki bar ta a zangarniyarta, hayaƙin nan da kika gani da gangan aka rataye ta a madafi, shi ke busar da ita yana korar ƙwari. Firij kuma ki bar shi, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa gumi zai yi ta yi a kansu. Kuma dan girman Allah kar wani ya ba ki ƙwayar maganin nan da ake jefawa a buhu tana fitar da iska mai guba ki kai ɗakin kwana, tana kashe mutum.

Ranar shuka, zangarniya shidan nan kowacce ki ba ta kunyarta daban, kar ki haɗe su, mai yiwuwa ba kala ɗaya ba ce, kuma ki rage rabin kowacce a gida ko da shukar farko ta ƙone. Wake da gurjiya yawanci kansu suke yi wa barbara, ba su cika gauraya da na maƙwabta ba. Dawa takan ɗan gauraya, to ki nisanta ta da wata dawar, ko in ta fitar da kai kafin ta yi fure ki rufe wasu kawunan da ambulan na takarda. Kuɓewa kuma ƙudan zuma na ɗaukar mata, kar a shuka ta kusa da ta kasuwa. Lokacin zaɓen na baɗi a ɗebo daga tsirrai da yawa masu lafiya a tsakiyar gona, banda na bakin hanya, banda daga guda ɗaya tal don ya fi kyau. Kuma ki raba irin gida uku ko huɗu, wajen mamanki, wajen wata gwaggo, wajen aminiyar Kaka. Abin da ke hannu ɗaya gobara ɗaya ce ke cinye shi. In kin samu dama ki ɗebi kaɗan ki shiga Samaru wajen masu binciken dawa da wake su duba miki, ai tsallaka titi ne daga makarantarku.

Wace irin gona zai shiga

Irin nan a cakuɗe ya saba rayuwa, kuma cakuɗawar ba rashin wayewa ba ce. Tun shekarun 1960 zuwa 1970 wani masanin tattalin arzikin noma a ABU, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana auna abin da suke samu, ya tarar haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ya fi ba su riba a kan fili kuma ya fi tsare su daga asara, a lokacin da ake ta ce musu su koma shuka abu ɗaya. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo, wake da gyaɗa saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wuta-wuta da ke shanye dawa da masara tana son gajiyayyar ƙasa, tsiro ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya kuma suna iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma, maganinta juya shuka da waken suya ko gyaɗa, takin gargajiya, da tuge ta kafin ta yi 'ya'ya. A bar gawo ya tsaya a gona tunda da damina yake zubar da ganye ba ya yi wa shuka inuwa, a bar ɗorawa da kaɗanya waɗanda daddawa da man kaɗe na mata ke fitowa daga gare su. Ni abin da nake gaya wa mata kullum, sabon iri a gefe don kasuwa da saurin nuna, tsoho a gefe don tukunya da dabbobi da ranar da taki ya gagara.

Maganar zanen

Makarantar da kike ciki tana da tarihi a kan irin tambayarki. A 1958, tun kafin makarantar ta zama ABU, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Cikin malaman wancan zamanin akwai mace, Clara Ugbodaga-Ngu. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 a wajen 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukunya, ba ta yi boko ba, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. 'Yan sashen wasan kwaikwayo kuma tun ƙarshen shekarun 1970 suke fita ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. To kina da magabata, ba ke kika fara ba.

Shawarata ki sake kallon tukunyar. Ke iri kika gani, ni tsummokaran nake so ki duba. Tsohuwa ba ta sayen ƙyalle don ƙulla iri, daga tsohon zaninta take yagowa. Ki kai su gaban mamanki ɗaya bayan ɗaya, ina tabbatar miki za ta ce wannan atamfar ankon bikin wance ce, wannan da shi ta goya Kawu, wannan ɗankwalin da ta je asibiti da shi ne. Rayuwar mace guda kenan a yayyage, kowane yanki rungume da abincin baɗi. Ki maida irin cikin kwalabe ki yi aiki da ƙyallayen, da tukunyar kanta, da karan dawa da ɓawon gurjiya da busasshen kwanson kuɓewa bayan an girbe. In lallai sai kin manna ƙwaya, ki yi da waɗanda gwaji ya nuna sun mutu, kuma kaɗan, don kin san mutanenmu da hatsi, tsohuwa ko ƙwaya ɗaya ta gani a ƙasa sai ta duƙa ta tsince, in ta ga tiya guda an shafe da gam ranta ne zai ɓaci. Irin kamfani mai launin ja ko kore kuma magani ne a jikinsa, kar ki sa shi inda yara za su taɓa.

Fuskar Kaka kuwa ba taki ke kaɗai ba ce. Ki tambayi mamanki da Kawu, akwai gidajen da ba sa son a zana mamaci saboda addini ko don kunya, in suka ce a'a ki karɓa da hannu biyu. Haka matan da za ki je wajensu. Ki shiga ta hannun wata babba a gidan, maigida ya sani, ki gaya musu ƙarara inda hoton zai je, bango ne a makaranta ko Facebook ne duniya ta gani, don su biyun ba ɗaya ba ne a wajen matar aure. Da yawa za su yarda ki ɗauki hannu ba fuska ba, kuma wallahi hannun ya isa. Ki kalli hannun mai bakace yadda take karkata faifai tsakuwa ta taru gefe guda, ko mata uku a turmi ɗaya suna lugude taɓarya na tashi sama ana tafawa kafin a cafe.

Abin da ke ƙona min rai a yawancin zanen matan karkara da nake gani shi ne kullum a wahale ake nuna su, itace a ka, yaro a baya, ido a ƙasa. Wahalar gaskiya ce, ban ce ki ɓoye ba, akwai matar da ta yi shekara arba'in tana aikin hatsi ba ta da ko taku ɗaya na gona da sunanta. Amma matar nan masaniya ce, ta san abin da ni mai takarda sai a wajenta na koya. Kuma suna da nasu zanen tun kafin a buɗe sashenku, saƙar faifai mai launi, zanen ƙwarya, jeren ɗaki, lalle, ɗinkin hannu da matan cikin birni ke yi a kan manyan riguna da huluna. In za ki sa faifan wata a aikinki ki saya da daraja, ki rubuta sunanta in ta yarda, a matsayin wadda ta yi, kamar yadda za ki rubuta naki. In an gama baje kolin a makaranta ki ɗauki ko rabin aikin ki kai ƙauyen a jingina a tsakar gida su gani, su gyara miki inda kika yi kuskure. Ko da lokacin miƙa firojek zai riga girbi, ba komai, tsiron da ke fitowa a buhun siminti a tsakiyar ɗakin nuni shi ma aiki ne, ki yi magana da malamin da ke duba ki tun yanzu.

Abu ɗaya ne ba zai jira ki ba, sunayen. Kowane ƙulli a tukunyar nan yana da suna da labari, daga wane gari ya zo, wa ya ba ta, a wace ƙasa yake yi, jigawa ko fadama, me ake dafawa da shi, kuma waɗanda suka sani sa'o'in Kaka ne, su ma tafiya suke. Hutun nan da za a yi ki shiga motar Giwa da ƙulle-ƙullen da wayarki, ki nemi aminiyarta ko abokiyar zamanta in tana raye, ki gaishe ta ki nemi izinin ɗaukar murya. Ki fara da farin waken nan, ki kwance shi a tafin hannunta ki yi shiru ki ji da wane suna za ta kira shi. In tsumman gwajin ya yi mako guda ki rubuto min nawa suka tsiro a kowanne, sai mu san wanda za a fara kaiwa ƙasa.